Diskin Kawu: yadda ajiyar shekara shida ta salwanta a Birnin Damagaram

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, malamin tarihi da labarin ƙasa ne da ya yi ritaya, kuma yana zaune a unguwar Birni, tafiyar ƴan mintoci daga fadar Sarkin Damagaram. A cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Zinder ke haura digiri 40 da rana, faifan ajiyarsa na waje, wanda mutanenmu ke kira diski dur, ya daina aiki, kuma mafi yawan abin da ya tara a cikinsa tsawon shekara shida ya tafi. Na rubuta wannan bayani da izininsa, ban ambaci sunansa ba, ban kuma ambaci sunan mai gyaran da ya fara taɓa diskin ba, domin abin da mai gyaran ya yi shi ne abin da mafi yawan masu gyara za su yi, kuma da kyakkyawar niyya ya yi shi. Ni kaina gyaran kwamfuta ce sana'ata, kuma ina da hannu a cikin wannan asara, kamar yadda zan nuna.

Sai an san abin da ke cikin diskin kafin a fahimci nauyin lamarin. Akwai hotunan iyali na aure da suna da saukar karatu, da hotunan aikin Hajjinsa, da bidiyon hawan sallah da hawan ƙaho da ya riƙa ɗauka a ƙofar fada shekara bayan shekara. Akwai kwafin takardun gida da na gona, da takardun haihuwar ƴaƴansa, da darussan da ya shirya a ƙarshen aikinsa na koyarwa. Akwai kuma hotunan wasu rubuce-rubucen ajami da ya ɗauka shafi-shafi a zaurukan malamai da suka amince masa. Amma abin da ya fi kowanne daraja shi ne muryar mahaifiyarsa, wato kakata. A shekaru biyu na ƙarshen rayuwarta Kawu ya riƙa zama da ita bayan sallar la'asar yana naɗar hirarta a waya, tana ba shi labarin kakanninmu dukawa, da fataken da suka riƙa kai fata Kano da Agadas, da yadda gidanmu ya ratsa farin 1973 da na 1984, tana kuma jero sunayen zuriya daki-daki, mace da namiji. Hirar ta kai awa 14. Babu wanda ya rubuta ta a takarda, domin kowa ya ɗauka cewa tun da an naɗa, an adana.

Asalin kuskuren ya faru ne tun ranar da aka sayi diskin. Kwamfutar Kawu ta tafi-da-gidanka tsohuwa ce, cikinta giga 320 ne kawai, ta cika har ta fara nauyi. Ya kira ni, ni kuma na ba shi shawara ya sayi diski na waje mai tera 1, na raka shi kasuwa, na nuna masa yadda ake jona shi, na kuma yi masa bayanin dalilin da ya sa kwamfuta ke nuna giga 931 maimakon 1000, don kada ya yi zaton an cuce shi. Abin da ban faɗa masa ba, kuma shi ne ya kamata in fara faɗa, shi ne bambancin da ke tsakanin kwafa da kwashewa. Kawu ya kwashe dosiyoyinsa ya zuba a diskin, ya goge su daga kwamfuta don ta samu fili, haka kuma ya riƙa yi da waya duk lokacin da ta cika. A wurinsa kayan sun koma wuri mai aminci, kamar yadda ake kwashe hatsi daga gona a kai rumbu. Amma tun daga wannan rana kowane hoto da kowace murya kwafi ɗaya tak suke da shi a duniya, kuma kwafin yana cikin wani ƙaramin inji da ake sawa a aljihun jaka ana hawa kabu-kabu da shi. Manomin Damagaram bai taɓa zuba irin shuka da hatsin ci duka a rumbu ɗaya ya kwanta da kwanciyar rai ba, kuma da na yi wa Kawu magana da wannan misali a ranar, da ya gane nan take.

Dole a ɗan tsaya a kan yadda wannan inji yake, domin duk abin da ya biyo baya ya rataya ne a kan haka. A cikin akwatin robar akwai faranti ɗaya ko biyu na gilashi ko alminiyom, an shafe su da wani siririn sinadari mai maganaɗisu, kuma suna juyawa sau 5400 a minti ɗaya, wato sau 90 a daƙiƙa. A kan kowace fuska ta faranti akwai ɗan kai mai karatu da rubutu, a ƙarshen wani hannu mai kai da komowa. Wanda ya san garmaho zai yi tunanin allura a kan faifai, sai dai ita allurar garmaho tana taɓa faifan, shi kuwa wannan kai ba ya taɓawa ko kaɗan, yana shawagi ne a kan iskar da juyawar farantin ke haifarwa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ƴan nanomita ce, alhali kaurin gashin mutum guda ɗaya ya kai dubban nanomita masu yawa. Ƙwayar ƙurar hunturu da ba a ko ganinta da ido ta fi wannan tazara girma nesa ba kusa ba. Tun daga 1956, lokacin da kamfanin IBM ya fito da diski na farko mai faranti 50 wanda bai wuce ɗaukar mega 5 ba, tsarin bai sauya ba, an dai yi ta ƙanƙantar da shi ana matse bayanai a cikinsa. Idan diski ya faɗi yana kashe, kawunan suna ajiye a gefe, sau da yawa yakan tsira. Idan ya faɗi yana juyawa, kan yakan daki farantin, ya kankare shafen da bayanan ke ciki, kuma burbushin da ya kankaro ya zauna a cikin akwatin yana yawo, yana jawo sabuwar kankara duk lokacin da aka sake kunnawa.

Diskin Kawu ya yi gargaɗi kafin ya faɗi. Da na zauna da shi daga baya ina tambayarsa, ya tuna cewa tun cikin hunturu dosiyen hotunan Hajji yakan daɗe kafin ya buɗe, wasu hotuna biyu ko uku sun fito rabinsu toka-toka, kuma wata rana kwafin wani bidiyo ya tsaya a tsakiya da saƙon kuskure. Ya ɗora laifin a kan tsufan kwamfuta da kuma igiyar diskin, wadda bakinta ya saki har sai an karkata ta kafin ta kama. Waɗannan alamu ne na gurabun da suka fara lalacewa a kan faranti. Kowane diski na zamani yana riƙe da lissafin lafiyarsa a wani tsari da ake kira SMART, kuma manhaja ta kyauta irin CrystalDiskInfo tana karanta shi cikin daƙiƙoƙi. A 2007 masu bincike na kamfanin Google sun fitar da nazari a kan diskoki fiye da 100,000, suka gano cewa diskin da ya nuna kuskuren karatu na farko ya ninka sauran sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. Nazarin ya kuma nuna cewa kashi 36 cikin 100 na diskokin da suka mutu ba su nuna wata alama a SMART ba. Ma'anar wannan a aikace ita ce, idan alama ta fito a ɗauke ta da gaske a kwashe kaya a ranar, idan kuma ba ta fito ba kada a saki jiki.

Mutane da yawa da suka ji labarin sun ce zafi ne ya kashe diskin. Ban ɗora wa zafi duka laifin ba, ko da yake masu ƙera irin waɗannan diskoki na aljihu sukan rubuta cewa a yi aiki da su a yanayin da bai wuce digiri 35 ko 40 ba, kuma ɗakin Kawu a watan Afrilu, idan an ɗauke wuta fanka ta tsaya, yana wuce haka. Zafi da ƙura da girgizar hanya sun raunana shi cikin shekaru, wannan ba na shakka. Abin da ya ƙarasa shi kuwa faɗuwa ce. Ranar wata Talata da hantsi Kawu yana neman kwafin takardar gona, diskin yana jone yana juyawa a gefen tebur, ya tashi amsa sallama, gefen rigarsa ya ja igiyar, diskin ya faɗo a kan daɓen siminti.

Daga nan ne kwana tara da suka fi muhimmanci a lamarin suka fara, kuma a ganina a cikinsu aka rasa fiye da abin da faɗuwar kanta ta ɓata. Da Kawu ya sake jona diskin, fitilarsa ta kama, ya ji yana juyawa, amma kwamfuta ta fito da saƙo da Faransanci tana cewa sai an yi formate, wato an share shi an sake tsara shi, kafin a yi amfani da shi. Ya yi hankali bai amsa ba. Sai dai ya cire ya sake jonawa, ya sauya rami, ya gwada a kwamfutar maƙwabci, ya gwada a ta wani tsohon ɗalibinsa, kuma da ƙiyasinsa ya kunna shi fiye da sau 20 cikin kwana uku. Kowace kunnawa tana nufin kawunan sun sake fita kan faranti mai rauni. Ni a lokacin ina Yamai, kusan kilomita 900 daga gida, kuma Kawu bai kira ni ba, domin kamar yadda ya ce daga baya, bai so ya tayar mini da hankali a kan abin da yake ganin ƙarami ne.

A rana ta huɗu ya kai shi wurin wani mai gyara a kasuwa. Mai gyaran ya saba da matsalolin da ake kawo masa kullum: kile, wato ɗan abin ajiya na USB, da katin waya da ƙwayar cutar kwamfuta ta ɓoye musu dosiyoyi ta bar gajerun hanyoyi a madadinsu, ko wanda aka zare ana cikin rubutu har tsarin fayilolinsa ya rikice. A irin waɗannan, injin lafiyarsa ƙalau, lissafin da ke ciki ne ya hargitse, kuma manhajar ceto tana maganinsu. Da wannan ido ya kalli diskin Kawu. Da ya ga kwamfuta ta ƙi buɗe shi, sai ya yi masa formate na sauri, da tunanin cewa idan diskin ya bayyana, manhaja za ta tono abin da ke ƙasa. Gaskiya ne formate na sauri ba ya share bayanan kansu, amma yana rubuta sabon teburi a kan wani sashe na tsohon teburin da ke riƙe da sunan kowane fayil da dosiyensa da inda gutsattsarinsa suke. Bayan haka ya sake masa manhajar ceto kai tsaye, ta yi dare biyu tana bin diskin gurbi-gurbi a cikin shago mai rufin kwano. Irin wannan manhaja idan ta iske gurbin da ya ƙi karantuwa, takan nace a kansa ta yi ta maimaitawa, wato tana tilasta wa kai mai rauni ya yi ta goga a daidai inda farantin ya ji ciwo. A dare na biyu diskin ya fara ƙara, ƙas, ƙas, ƙas, ya yi shiru, ya sake. Wannan ƙara ita ce ta hannun da ke ɗauke da kawunan yana fita neman alamun da zai daidaita kansa da su, ya rasa, ya koma ya sake fitowa. Hausawa sun ce garin neman gira a rasa ido, kuma ban san inda maganar ta fi dacewa da nan ba.

Mai gyaran ya mayar wa Kawu diskin da hotuna kusan 300 da ya samu, bai karɓi ko dala ba, kuma ya ba shi haƙuri. Wani abokin zama a majalisa ya kawo shawarar a naɗe diskin a leda a sa shi a wurin ƙanƙara na firigo ya kwana, wai ya ji ana yi. Wannan dabara tana yawo tun zamanin tsofaffin diskoki, kuma a diskin yau illarta ta fi amfaninta, domin da zarar an fito da ƙarfe mai sanyi cikin iska mai ɗumi, raɓa tana sauka a kansa ciki da waje, ga shi kuwa tazarar kai da faranti ba ta ɗaukar ko ɗigon da ido ba ya gani. Kawu ya yi hakan sau ɗaya. Abu guda da Allah ya kiyaye shi ne ba wanda ya kwance murfin ƙarfen ya leƙa ciki, ko da yake an ba da wannan shawara ita ma.

Na dawo Zinder a rana ta tara. Da na je gaishe shi, sai da muka gama gaisuwa da tambayar mutanen Yamai, sannan ya miƙo mini diskin a cikin hankici ya ce: “Ɗana, duba mini wannan. Muryar Inna tana ciki.” Na ce: “Kawu, akwai wani wurin da aka ajiye ta ban da nan?” Ya yi shiru, sannan ya ce: “Ai nan ne wurin ajiyar.” Ban taɓa jin nauyin shawarar da na ba shi shekara shida da suka wuce ba kamar a wannan lokaci.

Ga abin da na yi, kuma na faɗe shi dalla-dalla don masu sana'a irin tawa. Na fasa akwatin robar kawai, na ciro diskin, na tarar yana da ɗan allo da ake iya cirewa, mai mayar da USB zuwa SATA, wato bakin da ake jona diski da shi a cikin kwamfuta. Wannan sa'a ce, domin wasu diskokin aljihu an haɗa musu bakin USB a jikin allonsu, ba a iya jona su ta wata hanya. Na fara da fatan cewa allon ne ko igiyar, domin diskin aljihu yana shan wutarsa ne daga ramin USB, tsohon rami kuwa miliamfa 500 yake bayarwa, sabo 900, kuma ƙarancin wuta kan sa lafiyayyen diski ya yi ƙara irin ta mai mutuwa. Na jona shi kai tsaye a kwamfutar tebur da ke kan batir, don kada ɗaukewar wuta ta katse aikin, na sa masa fanka. Ya yi ƙara sau uku, sannan ya bayyana. Lissafin SMART ya nuna dubban gurabu da aka sauya da wasu dubbai da ke jiran sauyi, wato ciwon a kan faranti yake.

Ban buɗe ko fayil ɗaya ba. Na kawo wani diski lafiyayye mai tera 2, na yi amfani da manhajar ddrescue a kan Linux don ɗaukar kwafin diskin gaba ɗaya, gurbi bayan gurbi. Hikimar wannan manhaja ita ce tana fara kwashe wuraren da ke karantuwa cikin sauƙi, idan ta iske wuri mai wuya ta tsallake ta rubuta shi a taswira, sai a ƙarshe ta dawo kansa idan diskin yana da sauran rai. Taswirar da ta fito ta nuna ratsi-ratsi, wani sashe ya karantu, na gaba ya ƙi, na gabansa ya karantu, a jere kamar saƙar zane. Wannan alama ce cewa wasu kawunan suna aiki, wani kuwa ya mutu ko yana gab da mutuwa, domin diski yana rarraba rubutu ne tsakanin fuskokin faranti bi da bi. A rana ta huɗu da fara kwafin, diskin ya ɓace daga kwamfuta, kuma da na sake kunna shi sau ɗaya, ƙara kawai ya yi. Na kashe shi, ban ƙara ba. Abin da na samu bai kai kashi 40 cikin 100 ba.

A kan wannan kwafi, ba a kan diskin Kawu ba, na saki manhajar PhotoRec, wadda Bafaranshe Christophe Grenier ya rubuta kuma ake samunta kyauta. Tun da teburin sunaye ya lalace, ita tana gane fayil ne daga alamar da ke farkonsa, ta ciro shi ba suna ba dosiye, sai lamba. Sakamakon ya bi girman fayil. Ƙananan abubuwa, kamar takardun rubutu da hotuna, da yawa sun faɗa cikin ratsin da ya karantu, sun fito cikakku: mun samu takardar gida, da takardun haihuwa uku cikin biyar, da hotuna kusan 4,000 a cakuɗe, na Makka kusa da na suna, shafin ajami na wannan littafi kusa da na wancan. Manyan fayiloli kuwa sun ratsa wurare masu kyau da marasa kyau. Bidiyon hawan sallah kusan duka sun ƙi buɗewa, domin irin wannan bidiyo yana da wani ɗan sashe da ke riƙe da jadawalinsa, idan shi ya ɓata sauran ba ya amfani. Daga awa 14 na hirar kakata, abin da ya fito ana iya saurara bai wuce awa 2 ba, a gutsure, magana tana cikin tafiya sai ta yi tsalle ta faɗa wata.

Sauran hanya ɗaya ce, wato ɗakin gwaji na ƙwararru. A can ana buɗe diski ne a cikin ɗaki ko akwati mai tace iska, a nemo wani diski irinsa sak, a ciro kawunansa a dasa, sannan a karanta da na'urar da ke iya kashe kai ɗaya ta yi aiki da sauran. Sauya allon lantarki kaɗai, wanda wasu ke gwadawa, ba ya magance wannan, kuma ko a inda allon ne ya ƙone sai an ɗauke ƙwayar da ke riƙe da saitin wannan diski na musamman an mayar a sabon allon. Irin wannan aiki a Turai yana cin ɗaruruwan yuro, wani lokaci ya haura dubu, kuma da yake yuro 1 daidai yake da sefa 655.957, yuro 500 kaɗai ya kai jaka 328, wato kusan sefa 328,000, ban da kuɗin aikawa, ba kuma tare da alkawarin nasara ba idan farantin ya kankaru. Garantin mai ƙera diski, ko da bai ƙare ba, sabon diski yake bayarwa, ba ya biyan abin da ke ciki. Ga mai karɓar fansho wannan kuɗi ne mai nauyi, kuma akwai wata damuwa da Kawu ya kawo wadda na ga tana da hujja: a cikin diskin akwai takardun mallaka da hotunan matan gida, kuma aika shi wata ƙasa yana nufin miƙa su ga wanda ba a sani ba. Mun yanke shawarar a ajiye diskin yadda yake, a kashe, a cikin leda mai hana danshi, har ranar da iyali za su iya haɗa kuɗin. Diskin da ke kashe ba ya ƙara kankaruwa.

Idan aka auna lamarin daga farko, faɗuwar diski ita ce ɓangaren da ba a iya hanawa, domin kowane diski yana da ranarsa. Kamfanin Backblaze, wanda ke wallafa lissafin diskokinsa a kai a kai, yana samun kusan kashi 1 zuwa 2 cikin 100 suna mutuwa a kowace shekara, alhali suna cikin ɗakuna masu sanyi ba wanda ke motsa su. Abin da ake iya hanawa shi ne zama da kwafi ɗaya, da kuma ci gaba da kunna diskin da ya faɗi. Da a ranar Talatar nan aka kashe shi aka ajiye har a samu mai ɗaukar kwafinsa ta hanyar da ta dace, ina da ƙarfin zaton cewa da mafi yawan kayan sun fito da sunayensu, tun da a ranar bai fara ƙara ba, teburinsa kuma ba a taɓa shi ba. Wasu sun ce wa Kawu ya sayi SSD, wato ma'ajiyar da ke riƙe bayanai a ƙwayoyin lantarki, tun da ba shi da abin juyawa. Gaskiya ne ya fi jure faɗuwa, amma yakan mutu farat ɗaya ba gargaɗi, ceto daga cikinsa ya fi wuya, kuma idan aka bar shi shekaru ba wuta a wuri mai zafi yana iya zubar da abin da ya riƙe. SSD ɗaya ma kwafi ɗaya ne.

Tsarin da muka kafa masa yanzu ya bi ƙa'idar da mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa, wadda ake kira 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. Mun daidaita ta da halin Zinder, inda kuɗin intanet ba ya barin mutum ya ɗora ɗaruruwan giga a rumbun yanar gizo. Akwai kwafi a kwamfuta, wadda na sauya mata ciki, akwai diski a gidansa da ba ya barin kan shiryayye, akwai na biyu a wurina a Sabon Gari, kuma ranar Juma'ar farko ta kowane wata, idan na je gaisuwa bayan masallaci, nakan zo da shi mu sabunta, mu buɗe wasu fayiloli mu tabbatar suna karantuwa. Takardu da muryoyi, waɗanda ba su da nauyi, mun ɗora su a Google Drive, inda ake samun giga 15 kyauta, kuma babban ɗansa ya san kalmar sirrin. Takardun gida da na gona an buga su a takarda an sa a akwatin ƙarfe.

Wani sashe na abin da ya ɓata ya dawo ta hannun dangi. Mun yi shela a zauren WhatsApp na iyali, ƴan uwa daga Kano da Agadas da Maraɗi suka turo hotunan da Kawu ya taɓa aika musu, ko da yake manhajar ta matse su, ba su kai na asali kyau ba. Malamai biyu sun sake buɗe masa littattafansu ya ɗauka, na uku kuwa ya rasu, magadansa sun raba littattafan. A cikin wata tsohuwar waya da ke aljihun tebur mun tarar da katin ajiya da Kawu ya manta bai goge ba, ɗauke da zama guda cikakke na minti 47, inda kakata ke ba da labarin aurenta.

Jerin sunayen zuriya yana cikin gutsattsarin da na ceto. Ana jin ta ta fara daga mahaifinta, ta hau zuwa kakanta da mahaifinsa, sai sautin ya yanke, ya dawo tana cewa “shi ne ya zo daga gabas da rakuma”, ba a san wa take nufi ba. Kawu ya ɗauki wayarsa da littafin rubutu ya tafi Mirya wurin ƙanwar kakata, wadda ita kaɗai ta rage a tsararsu, ya kunna mata wurin sau uku. Ta cike sunaye biyu daga cikin waɗanda suka faɗa a giɓin, ta ce akwai wasu biyu a sama da su, yayarta ce ta riƙe su, ita ba ta riƙe ba. Kawu ya rubuta biyun da tawada a littafin, ya bar layi biyu babu komai a samansu.